Kujerar Bayan Direba

Ku da kuke manna waya a jikin gilashi tana gaya muku hagu da dama, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai tuƙi ai tuƙi ne, duk mai lasisi direba ne. Jiya ma na ji Nura yana cewa da a zamaninmu aka haife shi da ya fi mu duka, tunda motoci ba su kai haka yawa ba. To ku gyara zama. Zan ba ku labarin ƙofa ɗaya da na buɗe, wadda ta kusa rushe wa wani bawan Allah aikin shekara ashirin da wani abu.

A farkon shekarun tamanin na shigo London. Wani Alhaji daga Kano ne ya zo da ni in riƙa kai 'ya'yansa makaranta, da ya sayar da gidan ya koma, ni na tsaya. Amma wanda ya koya mini sana'ar ta gaskiya Baba Alhasan ne, mutumin Kumasi, yana zaune a Deptford a wani flat na council, gidan hayar hukuma, saman shagon masu sayar da doya. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa manyan baƙi. Wata uku cur bai bar ni na taɓa sitiyarin motarsa ba. Littafin taswira ya miƙo mini ya ce in haddace, duk Lahadi ya yi mini tambayoyi kamar malamin allo. Da ya yarda na hau, sai ya cika kofi da ruwa ya ɗora a gabana, ya ce in kai shi Aldwych. Ruwan ya zube tun ba mu bar unguwar ba.

"Sake," in ji shi. "Motan nan ba jaki ba ne. Mutum yana baya yana rubutu, kai kana girgiza shi."

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma ko ɗaya ba ka fita babu shi. Babbar lema, tsumma biyu, ɗaya na gilashi ɗaya na jiki, burushin kujera, tsabar kuɗi a aljihu don wayar kan titi, da agogon da ka saita da rediyo da safe. Dokokin Baba kuwa uku ne. Direba ba ya tambaya. Abin da ya gani ko ya ji a mota, a mota yake mutuwa. Sannan babban mutum yana zama a baya ta hagu. Kun san a nan direba a dama yake, saboda haka ƙofar baya ta hagu ita ce take buɗewa bakin titi, inda ba mota za ta kwashe mutum. Da Bature da Balarabe da Alhazanmu, duk wanda na ɗauka can nake sa shi, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Baba ne ya samo mini aiki a wani ofishin Japanawa da ke kusa da Aldwych, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Mutumin da aka ba ni ma'aikacin gwamnatin ƙasarsu ne, an turo shi ya kula da harkokinsu a nan. Ba zan faɗi sunansa ba, don har gobe ni direbansa ne. Mu direbobin ofis Agogo muke ce masa. Idan ya ce takwas da minti ashirin, to ba takwas da rabi yake nufi ba. Ranar farko na makara da minti biyu, bai yi faɗa ba, sai kawai ya dubi agogonsa, ya dube ni, ya shiga. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari ya ba ni farar safar hannu, ya ce a ƙasarsu da ita ake tuƙa mutane. Amma shi ɗin dai ne da ya ji ina zuwa Juma'a a masallacin Regent's Park, ya sa aka rubuta awa ɗaya da rabi a jadawalinsa, ba a taɓa ta.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai tun ranar farko. Na buɗe masa ƙofar hagu, sai ya zagaya ya tsaya a ta dama, ya zauna daidai bayana. Na ce a raina ko hasken can ya fi masa daɗin karatu. Daga nan kullum ta dama nake buɗe masa, har hannuna ya saba. Shekara huɗu ina yi, ban taɓa tambayar dalili ba, tunda direba ba ya tambaya.

A cunkoso yake magana, don ya goge Turancinsa. A haka na san ɗan manomin shinkafa ne daga wani yanki mai tsananin sanyi, ya ci wata jarrabawa mai wuya, ya shiga ma'aikata yana saurayi. Aikinsa shi ne rubuta wa ministoci amsar da za su bayar a majalisa. Wata rana muna tsaye a bayan bas ya ce, "Garba-san, ni nake rubutawa, wani ya tashi ya karanta, wani lokaci ma ya karanta ba daidai ba. A garinmu kuma makaranta ta rufe, matasa duk sun gudu birni." San ɗin nan girmamawa ce a wurinsu, kamar mu ce Malam. A shekararsa ta ƙarshe sai na lura yana fito da ɗan madubi daga jaka yana koyon murmushi. Yanzu da ya riga mu gidan gaskiya zan iya gaya muku wannan. Mutum mai shekara kusan hamsin, yana yaƙe haƙora a madubi, yana maimaita gaisuwa da harshen ƙauyensu a hankali. Ni kuwa idona na kan titi.

Sai shekarar wahala ta zo, farkon shekarun casa'in. Kamfanoni suna ta rufewa, direbobi suna zube a gari ba aiki. Ofishinmu ya rage motoci daga uku zuwa ɗaya. A cikin wannan hali ne Uwar Ofis ta kira ni. Wata Bajapaniya ce mai furfura, ita take riƙe da jadawalin kowa, ta fi kowa daɗewa a wurin. Ta ce Agogo ya riga ya miƙa takardar barin aiki, zai koma gida ya tsaya takarar majalisa a yankinsu. Idan ya tafi, motata ma ta tafi. Wannan na haɗiye shi, don ba yadda zan yi. Amma ta ce akwai abin da ya rage. A jam'iyyar da yake so, wani Dattijo ne yake cewa wane zai tsaya, wane ba zai tsaya ba, kuma bai ce komai ba tukuna. Idan bai sa masa albarka ba, Agogo ya tashi a tutar babu, ba aiki ba takara. Dattijon zai kwana ɗaya a London, ranar Alhamis, kuma duk lokacinsa a cike yake. Awa ɗayar da za a yi a mota daga filin jirgi ita ce kaɗai Agogo zai samu ya yi magana da shi.

Na wanke motar nan sau biyu. Na bi hanyar ranar Laraba na ga inda ake gyaran titi. Na sayi sabuwar safar hannu.

Ranar Alhamis da hantsi suka fito su uku: Dattijo, gajere da sanda, sai sakatarensa, wani siriri mai tabarau, sai Agogo a bayansu yana ɗauke da jakar Dattijon da kansa. Na yi abin da aka koya mini. Na buɗe ƙofar baya ta hagu, na tare saman ƙofar da hannu, Dattijo ya ɗan tsaya, ya shiga, na rufe a hankali. Sannan na zagaya na buɗe wa Agogo ƙofarsa ta dama, kamar kowace safiya.

Agogo ya tsaya cak. Sakataren ya dubi ƙofar, ya dubi Agogo, ya ja iska ta haƙora. Ni kuma ina riƙe da ƙofa kamar gunki, ban san me ya faru ba. Can sai Agogo ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba da kansa ya zauna kusa da ni. Sakataren ya ƙi shiga, ya ce zai biyo mu a tasi. Muka tashi, kujerar bayana ba kowa.

Ban taɓa yin tuƙi mai tsawon wannan ba. Agogo ya murɗa wuya yana magana da harshensu, murya ƙasa ƙasa. Dattijo ya amsa da kalma ɗaya, ya rufe ido. Agogo ya sake gwadawa bayan kamar minti goma, shiru. Safar hannuna ta jiƙe da gumi, ga shi ana sanyi. Da muka isa otal, Dattijo ya fita bai dubi kowa ba.

A ofis Uwar Ofis ta ja ni ɗakin shayi ta rufe ƙofa. Ta zana mota a takarda, ta rubuta lambobi. Ɗaya a bayan direba. Biyu a baya ta hagu. Uku a tsakiya. Huɗu a gaba.

"A wurinmu kujerar bayan direba ta wanda ya fi kowa girma ce," in ji ta. "Ka sa Dattijo a ta biyu, ka buɗe wa maigidanka ta ɗaya a gaban idonsa. Ba wanda ya isa ya zauna a can, ba kuma wanda ya isa ya ce wa Dattijo ya matsa."

Na ce ai ni na yi kuskuren, ba shi ba.

"Su ba haka suke gani ba. Sakataren ya bugo waya. Ya ce hannun direba yana nuna yadda maigidansa yake ɗaukar kansa. Gobe motar otal za ta kai Dattijo filin jirgi. An yi cancel ɗin tamu."

Agogo bai yi mini faɗa ba. Da na kai shi gida da yamma ya ce na gode, kamar kullum. Wannan na goden ta fi mari ciwo. Na ji haushin kaina, na ji haushinsu su ma, mutane da za su kashe rayuwar mutum a kan kujera. Daga can ban tsaya ba sai Deptford. Na tarar da Baba Alhasan ya idar da magariba, na zayyana masa komai, har da takardar.

Ya daɗe yana kallon lambobin. "Shekara huɗu mutumin yana zama bayanka, ba ka tambaya ba?"

"Baba, kai ka ce direba ba ya tambaya."

"Na ce kar ka tambayi ina ya kwana. Ban ce kar ka tambayi aikinka ba." Ya miƙo mini takardar. "Laifin direba, direba ke ɗauka. Je ka ɗauki kayanka."

A nan ne haddar taswira ta yi mini rana. Otal ɗin yana da ƙofa biyu. Ta gaba tana kan babban titi, inda bas ba sa barin mota ta daɗe. Masu tafiya da kaya ta ƙofar gefe ake fitar da su, a kan wata 'yar siririyar hanya da ake bi ta fuska ɗaya, kuma ƙofar otal ɗin a hannun dama take faɗowa. Wato idan na tsaya a can, ƙofar bayan direba ce za ta kalli matakala. Wuri ɗaya ne tak a bakin ƙofar. Dattijo zai fito ƙarfe tara, ni bakwai ta yi mini a wurin. Ban gaya wa Agogo ba, don na san zai hana.

Ana yayyafi. Mai gadin ƙofa ya san ni, ya kau da kai. Takwas da rabi motar otal ta iso ta tsaya a bayana, direban ya yi ta danna hon, ya fito ya ce an yi booking ɗinsa, in matsa. Na ce ya yi haƙuri. Ya kira ni da sunan da ba zan maimaita muku ba. Sai ga mai rubuta wa motoci tara ta taho daga ƙarshen layi da littafinta, tana bin motoci ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga, saura mota biyar ta iso kaina. Idan ta ce in tashi dole in tashi, kuma kafin in zagayo an gama komai. Saura mota biyu ƙofar otal ta buɗe.

Dattijo ne a gaba, sakatare na riƙe masa lema. Can baya na hango Agogo, ya zo ne kawai ya yi sallama. Da ya gan ni ya buɗe baki. Ni kuwa na buɗe ƙofar bayan direba, na cire hula. Na yi niyyar in sunkuya irin tasu, amma na ga ban iya ba, zan ƙara ɓata abin ne. Sai na yi wanda na iya. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen daɓen nan da kwat ɗina, kamar yadda nake yi a gaban mahaifina, na ce da Turanci, "Ranka ya daɗe, kuskuren jiya nawa ne ni kaɗai. A nan ƙasar aka koya mini cewa hagu ce ta babba, ban tambayi yadda kuke yi ba. Ga kujerarka."

Sakataren ya so ya wuce da shi. Dattijo ya ɗaga sanda kaɗan, sai sakataren ya tsaya ya fassara. Dattijo ya yi magana, sakataren ya ce, "Yana tambaya, mene ne wannan da kake yi?"

Na ce haka muke yi wa iyaye a garinmu idan mun yi laifi.

Dattijo ya dube ni. Sannan ya nuna kujerar da sandarsa ya sake magana. Sakataren ya ce, "Ya ce shekara huɗu maigidanka yana zama a nan. Me yake yi a nan, me yake faɗa a kan mutanen gida?"

'Ya'yana, a nan gabana ya faɗi. Ina da amsar da za ta taimaki Agogo. Da na ba da labarin makarantar da ta rufe, da gaisuwar ƙauye da yake maimaitawa, wataƙila da tsohon ya ji daɗi. Idan kuma na ƙi amsawa, na ƙi umarnin mutumin da na zo ba wa haƙuri. Ruwa yana shiga gwiwar wandona, mai tara ta iso tana rubuta lambata. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Abin da aka yi a motata ba ya fita daga motata. Wanda za ka faɗa a ciki yau ma haka."

Sakataren ya yi jinkiri kafin ya fassara, na ga ba ya so. Da ya gama, Dattijo ya yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro, ban sani ba ko dariya ce. Ya miƙa wa sakataren sandarsa, ya dafa ƙofa, ya shiga ya zauna a bayan kujerata. Daga ciki ya kira sunan Agogo, sau ɗaya.

Agogo ya shiga ta hagu, sakatare a gaba. Na karɓi takardar tarata na cusa a aljihu, na ja mota. Tun daga otal har filin jirgi suna magana, Dattijo yana tambaya, Agogo yana amsawa, wani wuri murya ta yi sama, wani wuri a yi shiru har in ji ƙarar abin share gilashi. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Abin da na iya shi na yi: da an ɗora kofin Baba a gabana ranar, ko ɗigo ba zai zuba ba.

A filin jirgi Agogo ya sunkuya bai ɗago ba sai da Dattijo ya ɓace a cikin mutane. Da ya dawo na buɗe masa ƙofarsa ta dama. Ya dube ta, ya zagaya, ya shiga gaba kusa da ni. Muka yi tafiya mai nisa. Daga ƙarshe na kasa daurewa, na yi masa tambayata ta farko a shekara huɗu.

"Yallaɓai, ya amince?"

Ya ce, "Ya ce in sayi takalma masu ƙwari. Gidajen yankinmu suna da nisa da juna." Sai ya dubi agogonsa. "Garba-san, yau Juma'a. Bi ta Regent's Park, zan jira ka a mota."

Bayan wata biyu ya tafi, aikina ya ƙare. Na yi kusan shekara ina ɗaukar 'yan kasuwar Deptford da buhunan doyarsu kafin in sake samun mota ta kirki. Shi ma bai ci zaɓen farko ba, sai a na biyu ya shiga majalisa, ya daɗe a ciki. Duk sabuwar shekara kati yana zuwa mini, har shekarar da ya daina zuwa.

Takardar Uwar Ofis tana nan a cikin tsohon littafin taswirata, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tun daga ranar, duk wanda zan ɗauka, ko wane ne shi, kafin hannuna ya taɓa ƙofa sai na ce, ranka ya daɗe, ina kake son zama? Nura, ɗauko wayar taka ka tambaye ta wannan, mu ji abin da za ta ce.